Mota A Kan Teku: Wa Ke Ɗaukar Asara Tsakanin Amurka Da Tsibiran Hawai?

 Wannan bayani ne game da yadda ake yi wa mota sufuri ta ruwa daga babbar ƙasa zuwa tsibirai masu nisa, da kuma mas'alar da ke ƙunshe cikin wannan ciniki, wadda ta shafi attajiri, ta kuma shafi malami.

A tsakiyar tekun Fasifik akwai waɗansu tsibirai da ake kira Hawai, manyansu guda 8 ne. A shekarar 1959 suka zama jiha ta 50 cikin jihohin Amurka, mutanen da ke cikinsu kuwa sun kai wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, galibinsu suna tsibirin Owahu, inda babban birninsu Honolulu yake. Daga birnin San Faransisko, a gaɓar Kalifoniya, zuwa Honolulu kimanin mil 2,400 ne, watau ya ɗara nisan da ke tsakanin Kano da Jidda in an miƙe sosai, kuma duk tsawon nan ba gada, ba zango, sai ruwa da sararin sama. Mutum kan shiga jirgin sama ya isa cikin awa biyar ko shida, amma motarsa ba ta da hanya sai ta bi jirgin ruwa. Ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki, da sojan da aka tura can, da dillalin motoci, duk wannan hanya guda suke bi.

Masu jiragen

Kamfanin da ya fi daɗewa a wannan hanya shi ne Matson. Wani matuƙi mai suna William Matson ya fara shi a 1882 da jirgi guda mai filafilai, yana kai kaya garin Hilo yana komowa da sukari. A 1958 kamfanin ya fara ɗaukar kaya cikin manyan akwatunan ƙarfe da ake kira kwantena, jirginsa na farko ya tashi da guda 20 a bisa bene. A 2005 wani kamfani, Pasha Hawaii, ya shigo da jirgi mai suna Jean Anne, wanda don motoci musamman aka ƙera shi.

Mai karatu zai yi mamaki, yaya jiragen duniya da yawansu, amma hanya mai ciniki kamar wannan ta zauna hannun kamfanoni ƙalilan? Dalili shi ne wata doka da majalisar Amurka ta kafa a 1920, wadda ake kira dokar Jones. Dokar ta hukunta cewa duk kayan da za a ɗauka daga wata tashar Amurka zuwa wata tashar Amurka, dole jirgin ya zama ƙirar Amurka, mallakar Amurkawa, mai tutar Amurka, ma'aikatansa kuma galibi 'yan ƙasa. Saboda haka jirgin Japan yana da ikon kawo motocin Japan ya sauke a Honolulu, amma ba shi da ikon ɗaukar mota ko guda daga Kalifoniya ya kai can. Waɗansu mutanen tsibiran suna kukan cewa dokar ta tsananta musu tsada, masu goyon bayanta kuwa suna cewa ita ke tsare wa ƙasar jiragenta da aikin ma'aikatanta. Har yanzu gardamar ba ta ƙare ba, dokar kuwa tana nan.

Yadda ake miƙa mota

Wanda ya yi niyya, sai ya fara kama wuri a jirgi, ya biya kuɗin sufuri tun kafin a ɗora motar. Kuɗin ya kan haura dala 1,000, gwargwadon girman mota da tashar da za ta tashi. Sa'an nan ya kai ta tasha, kamar Long Bic ko Oklan ko San Diyego, da takardar shaidar mallaka da ta shaidar kansa. In da bashi aka sayi motar, bai kuwa gama biya ba, to, a kan nemi takardar yardar mai bashin, musamman in daga tsibiran za a fitar da ita, domin jingina ba ta ƙetare teku sai da izinin wanda aka jinginar wa.

Akwai sharuɗɗa uku da ba a sassautawa. Na farko, man da ke cikin tanki kada ya wuce rubu'i, don tsoron gobara. Na biyu, a kwashe duk kayan da ke ciki, kada a bar komai sai abin da ya zama na motar, kamar tayar safiya da jak da kujerar jinjiri. Wanda ya yi zaton zai cusa tufafi da tukwane ya huta da kuɗin dakonsu, a bakin ƙofa za a mai da shi. Na uku, a wanke ta ciki da waje har ƙarƙashinta, gama ƙasar da ta maƙale a ƙafar mota tana iya ɗauke da irin ciyawa ko ƙwan ƙwari, hukumomin gona kuwa suna tsaron shigowar baƙin ƙwari ƙwarai, a zuwa da komowa.

In an cika waɗannan, sai akawun kamfani ya zagaya motar tare da mai ita, ya rubuta duk wata ƙujewa ko lotsawa da ya gani, su duka su sa hannu, mai mota ya ba da mabuɗi. Wannan takarda ita ce shaida ranar karɓa. Abin da aka rubuta cikinta tsohon aibi ne, abin da ba a rubuta ba shi ake iya ƙara a kansa, shi ya sa masu hankali kan ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin su juya baya.

Hanyar ɗorawa iri biyu ce. Ko dai a tuƙa motar ta hau wata gada da ake saukarwa daga bayan jirgi, ta shiga cikinsa, inda aka yi benaye hawa hawa kamar gidan sama, a jera ta kusa da 'yan'uwanta, a ɗaure kusurwoyinta huɗu da ɗamara a jikin daɓen ƙarfe. Ko kuwa a sa ta cikin kwantena, a tokare ƙafafunta, a rufe. Irin jiragen farko su ne waɗanda ke sauke motoci a Ikko da Kwatano, fatake da yawa sun san su. Tafiyar ruwan kanta kwana huɗu ko biyar ce, amma da jiran jirgi da jiran saukewa sai a yi mako biyu ko uku.

Ga wanda gidansa ba ya Owahu, da sauran tafiya. Yawancin kaya Honolulu suke fara sauka, daga nan a ɗora su kan wani faffaɗan jirgi marar inji, wani ƙaramin jirgi mai ƙarfi ya ja shi zuwa Kahului ko Hilo ko Nawiliwili. Kamfanin Young Brothers ke yawancin wannan aiki tsakanin tsibiran. An taɓa kawo jirgin fito mai sauri wanda mutum zai shiga tare da motarsa a 2007, amma ya daina aiki a 2009 bayan hukuncin babbar kotun jihar kan rashin binciken illarsa ga muhalli. Motar da ta iso kuwa, sai an duba lafiyarta, an yi mata takardun tsibirin cikin kwana 30.

Wuta a tsakiyar ruwa

Ruwa ba sa'an kwando ba ne, amma abin mamaki, abin da masu jiragen motoci suka fi tsoro yanzu wuta ce. A watan Fabrairu na 2022 wani jirgi mai suna Felicity Ace, ɗauke da motoci kusan 4,000 daga Jamus zuwa Amurka, ya kama wuta kusa da tsibiran Azores a tekun Atilantika. An ceci ma'aikatansa su 22, shi kuwa ya nutse da kayansa ran 1 ga Maris. A watan Yuni na 2025 wani kuma, Morning Midas, da motoci kimanin 3,000, ya ƙone a arewacin Fasifik, kudu da tsibiran Alaska, ya nutse. Cikin kayansa har da motocin lantarki, waɗanda batirinsu in ya kama wuta kashe shi sai da wahala mai tsanani. A watan Yuli na shekarar nan ta 2025 kamfanin Matson ya sanar da dakatar da ɗaukar motocin lantarki a jiragensa, masu irin waɗannan motoci suka wayi gari hanya ta ƙuntata musu.

To, in irin wannan ta auku, dukiyar wa ta halaka? Nan ne mas'alar take.

Abin da littattafai suka hukunta, da abin da takarda ta ƙulla

Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ratsa hukuncin nan a babin ciniki: mai jirgin ruwa ba ya lamunin kayan da suka halaka, kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kaya inda aka yi alkawari. Malamai sun bayyana cewa rashin lamunin nan yana tsayawa ne muddin bai yi sakaci ko ƙetare iyaka ba. Hukunci ne mai ma'auni biyu: mai kaya ya yi asarar kayansa, mai jirgi ya yi asarar ladansa.

Takardar kamfanonin zamani ta yi muwafaƙa da rabin farko, ta saɓa wa rabi na biyu. Dokar sufurin teku ta Amurka ta 1936 ta kuɓutar da mai jirgi daga biyan abin da gobara ta ci, sai in an tabbatar da laifin daga gare shi ne. Ko inda laifi ya tabbata, dokar ta yanke iyakar ramuwa dala 500 a kan kowane ƙunshin kaya, sai fa in mai kaya ya bayyana ƙimar kayansa tun farko, aka rubuta. Asalin dokar don cinikin ƙasashen waje aka yi ta, amma ta ba masu sufurin cikin gida damar shigar da ita cikin takardunsu. Ta kowane hali, takardar kan ambaci iyakar abin da kamfani zai biya, sau da yawa kuwa bai kai kuɗin motar ba. Game da haya kuma, al'adar takardun nan ita ce a rubuta cewa kuɗin sufuri ya zama na mai jirgi, ko jirgi ya isa ko ya halaka.

Sai mas'alar zubar da kaya. Shaihu Dardir, a cikin Aƙrabul Masalik, ya kawo hukuncin Malikiyya cewa in an ji tsoron nutsewa ya halatta a jefar da abin da jefar da shi zai kawo tsira, ban da ɗan Adam, a fara da mafi nauyi, sa'an nan a raba asarar a kan dukiyar fatauci kaɗai. Kayan amfanin kai, irin shimfiɗa da guzuri, ba sa shiga cikin rabon. Masu jiragen Turai ma suna da ƙa'ida mai kama da wannan tun zamanin da, wadda aka tsara da sunan ƙa'idodin York da Antwerp a 1890: abin da aka salwantar ko aka kashe da gangan don ceton jirgi, kowa ya ɗauki rabonsa gwargwadon ƙimar abin da ya tsira masa, har da mai jirgin kansa. Haka aka yi wa masu kaya a jirgin Ever Given, wanda ya tokare mashigin Suwes kwana shida a 2021.

A gyaran da aka yi wa ƙa'idodin a 1994, an keɓe kayan fasinja da motar da mai ita ke tafe tare da ita, aka ce ba za su biya ba. Wannan ya yi kusa da abin da malaman Malikiyya suka bambanta tsakanin dukiyar fatauci da ta amfanin kai. Amma motar Hawai ita kaɗai take tafiya, mai ita yana jirgin sama, don haka ba ta shiga wannan rangwame ba. Magidanci zai iya samun motarsa ta iso lafiya lau, a ce ba za a sake ta ba sai ya kawo lamunin biyan rabonsa na wata asara da bai gani ba.

Maganin da kamfanoni ke nunawa shi ne inshora. Malamai kuwa sun daɗe da duba wannan. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Sham wanda ya rasu a 1836, yana cikin na farkon da suka yi magana kan inshorar kayan teku, bai kuwa halatta ta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci akwai garari mai yawa cikinta, ta yarda da ta taimakon juna, wadda ake kira takaful. Musulmin da zai ɗora dukiyarsa a ruwa, ya kamata ya nemi wannan tun bai biya kuɗin jirgi ba, ya kuma tambayi malaminsa hukuncin lalura in bai samu ba.

Lissafi kafin tafiya

Mutanen da suka saba da hanyar Hawai kan yi lissafi guda kafin su yanke shawara. Su haɗa kuɗin jirgi, da na jirgi na biyu in akwai, da hayar wata mota a makonnin jira, da kuɗin takardu, su gwada da ƙimar motar. In tsohuwa ce, sau da yawa sayar da ita a saye wata a can ya fi riba. In kuwa mai daraja ce, to, iyakar ramuwar da ke cikin takarda ta fi kuɗin sufuri muhimmanci.

Attajirin da ke jiran mota daga teku, ko a Honolulu yake ko a Kwatano, tambayoyi uku ke gabansa: nawa kamfani zai biya in ta halaka, wa ke da kuɗin haya in ba ta iso ba, kuma me za a nema daga gare shi in ta tsira wasu suka yi asara. Amsoshin duka suna cikin ƙananan rubutun da ke bayan takarda, wanda yawancin mutane kan sa hannu ba su karanta ba. Wanda ba ya jin harshen da aka rubuta ta, ya nemi amintacce ya fassara masa, gama matambayi ba ya ɓata. Ga malamai kuma akwai aiki: sharaɗin mallakar haya ko da jirgi bai isa ba ya saɓa wa abin da ke cikin Risala, fatake kuwa kullum suna sa hannu a kansa, suna bukatar a bayyana musu matsayinsa a shari'a.

Allah Ya kiyaye matafiya a tudu da teku, Ya sanya albarka cikin dukiyar halal, Ya tsare bayinSa daga asara. Amin.