Ta Samu Gurbin Karatun Likita, Saura Maganar Kuɗi

A farkon zangon karatun da ya gabata, dattijon da ke gadin ginin sashenmu ya tsaya a ƙofar ofishina riƙe da wata takarda naɗe cikin leda. Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa da shi safe da yamma, bai taɓa roƙona ko kuɗin goro ba. Na ce, "Baba, bismillah, shigo mana." Ya ƙi zama. Ya miƙo mini takardar da hannu biyu ya ce, "Dakta, yarinyar nan tawa ce aka ce ta ci likita. To ga shi an ce mako uku ya rage a rufe rajista, ni kuwa ban san ta inda ake farawa ba."

Na duba takardar. Gurbin karatun likitanci ne a wata jami'ar tarayya da ke jihar da ke maƙwabtaka da mu. Na yi masa murna, shi ma ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Da muka haɗa kuɗin karɓar gurbi da na rajista da na ɗakin kwana da na gwajin lafiya da na mota, sai jimillar ta haura albashinsa na wata huɗu. Ya ce ya ji a rediyo gwamnati na ba ɗalibai bashi, amma maƙwabcinsa ya gargaɗe shi cewa wanda ya ci bashin gwamnati ya sayar da 'yarsa.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne, kuma shekaru da dama ina koyar da 'yan ajin farko na likitanci, domin a shekararsu ta farko a hannunmu suke kafin su ƙetara kwalejin lafiya. Abin da na lura da shi shi ne, iyaye da 'ya'yansu sukan ƙarar da duk ƙarfinsu wajen neman makin JAMB da samun gurbi, ba a zama a yi maganar kuɗi sai ranar da takarda ta fito. A lokacin kuwa an makara, domin kusan duk wata ƙofar tallafi tana da lokacinta da takardunta, kuma babu wadda ke buɗuwa cikin mako uku.

Bari mu fara da bashin da Baba ya ji a rediyo. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar lamunin ɗalibai a watan Yunin 2023, amma waccan dokar ta zo da sharuɗɗan da suka rufe wa talaka hanya tun daga bakin ƙofa. Sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, sannan ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Ina ɗan mai gadi zai samo su? A watan Afrilun 2024 aka soke waccan dokar aka kafa sabuwa, aka cire maganar masu tsayawa da ta kuɗin shiga. A watan Mayun shekarar Asusun Lamunin Karatu na Najeriya, wato NELFUND, ya buɗe shafinsa na intanet ga ɗaliban makarantun gwamnati. Na jami'o'i masu zaman kansu ba sa ciki.

Kuɗin kashi biyu ne. Na makaranta, asusun ne ke tura shi kai tsaye ga jami'a, ɗalibi ba ya ganinsa da idonsa. Sai kuɗin ɗawainiya, naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun bankin ɗalibi in ya nema. Babu kuɗin ruwa a kai. Ba a fara biya sai bayan shekara biyu da kammala yi wa ƙasa hidima, kuma kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa. Dokar ta kuma tanadi yafe bashin idan mai shi ya rasu, wanda a ganina shi ne amsar babbar fargabar iyayenmu, ta kada yaro ya koma ga Ubangijinsa da nauyin wani a wuya.

A nan ya kamata ɗalibin likita ya ɗauki alƙalami, domin lissafinsa ya sha bamban da na sauran. Karatun shekara shida ne, in an yi sa'a. Na ce in an yi sa'a saboda yajin aikin ƙungiyarmu ta ASUU ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, kuma ni da nake cikinta ba zan iya yi wa kowa alƙawarin ba za a sake ba. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, wadda samun gurbinta ma kan ɗauki watanni, sai shekarar hidimar ƙasa, sai shekara biyun da doka ta ɗaga. Yarinyar da ta shiga tana da shekara 18 ba za ta fara biya ba sai ta doshi 28. Ko da an ɗauka ana ba ta naira 20,000 kowane wata har shekara shida, jimillar naira miliyan 1 da dubu 440 ce, sai a ɗora kuɗin makaranta. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, bashin da ba ya ƙaruwa tsawon shekara goma, raguwa yake yi. Abin da naira dubu ɗari ke saya yau, wa ya san abin da za ta saya a lokacin? Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni, nakan ce ya karɓa, kuma haka na gaya wa Baba.

Sai dai akwai ramin da ba a faɗa a rediyo. Asusun ba ya tantance ɗalibi sai jami'arsa ta tura bayanansa, jami'o'i da yawa kuwa ba sa ɗaukar mutum a matsayin ɗalibinsu sai ya biya ya yi rajista. Ga tantancewar kanta tana cin makonni, wani lokaci watanni. Ma'ana, kuɗin farko, wanda shi ne mafi nauyi kuma mafi gaggawa, daga aljihun gida zai fito, daga baya in lamunin ya iso a nemi jami'a ta mayar. Jaridu sun sha kawo koken ɗaliban da suka daɗe suna jiran wannan mayarwar. Ban ga dalilin da zai hana majalisun jami'o'inmu yarda cewa duk sabon ɗalibin da ya nuna shaidar ya nemi lamuni a yi masa rajistar wucin gadi ba. Kuɗin dai gare su zai zo. Gurbin likita da yaro ya sha wuya ya samu bai kamata ya salwanta saboda ofisoshi biyu na gwamnati suna jiran juna ba.

Wani abin da ke kayar da 'ya'yanmu, kuma abin takaici ne saboda ƙanƙantarsa, shi ne suna. Ana neman lambar JAMB da lambar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN da takardar samun gurbi, kuma na'ura ce ke gwada su da juna. Na'ura ba ta san Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ba ne. 'Yar Baba A'isha ce a wata takardar, Aishatu a wata, a ta banki kuma sunan garinsu aka sa a madadin na mahaifinta. Ranar haihuwa ma iri biyu ce. Gyaran wannan kaɗai ya ci mana sama da wata guda. Ga kuma al'adar miƙa komai ga mai shagon kwamfuta, shi ya buɗe wa yaro adireshin imel, shi ya riƙe kalmar sirri, wani lokaci lambar wayarsa ma yake sawa. Ranar da saƙo ya zo, gare shi zai je. Neman lamunin kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai sa a fito da suna da wuri, ɗan damfara ne. Kuma ba sau ɗaya ake nema a huta ba, kowace shekarar karatu sai an sabunta.

To, naira 20,000 fa, ina za ta kai? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, kuma kowa ya san ba ya kai mai shi ƙarshen wata. Ɗalibin tarihi ko na lissafi yana iya yin ɗinki ko sayar da katin waya ko koyarwa a makarantar unguwa da yamma, ya kuma yi aiki a dogon hutu. Ɗalibin likita, daga aji biyu zuwa sama, lokacinsa ba nasa ba ne. Hutunsa gajere ne, idan ya shiga ajin asibiti kuwa har dare da ƙarshen mako yana ɗakin marasa lafiya. Ga farar riga da na'urar sauraron ƙirji da littattafai masu tsada, ga kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa, ga zaman ƙauye na darasin lafiyar al'umma. Lamuni yana rufe kuɗin makaranta, amma ba ya ciyar da yaro shekara shida. Dole a haɗa da tallafin da ba a biya.

Tallafin nan yana nan, sai dai a warwatse yake. Akwai Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, akwai hukumomin jihohi da ke neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, akwai na kamfanonin mai irin shirin Agbami da aka ware wa ɗaliban lafiya da injiniyanci, wanda ake zana wa jarrabawa ta kwamfuta. Yawancinsu 'yan aji ɗaya ko biyu suke ɗauka, wanda ya bari ya kai aji huɗu kafin ya farga ya riga ya wuce tasha. Nakan tambayi 'yan ajina wa ya nemi ɗaya daga ciki, hannuwan da ke tashi ba su taka kara sun karya ba. Wasu ba su ji labari ba, wasu sun yanke wa kansu hukunci cewa sai mai uwa a gindin murhu. Ba na musun akwai alfarma a ƙasar nan, amma wanda bai cike takarda ba bai ma kai inda za a zalunce shi ba.

Tallafin jihohi shi ya fi buƙatar karatun ta-natsu. Jihohin Arewa da dama, saboda ƙarancin likitoci, suna ɗaukar nauyin ɗalibi ko su sa shi a albashi tun yana ajin asibiti, bisa yarjejeniyar zai yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Ni ina ganin adalci ne, al'ummar da ta biya kuɗin karatunka tana da haƙƙi a kanka. Amma yarjejeniya ce ta shari'a, kuma yaro ɗan shekara 19 ne ke sa hannu, galibi bai karanta shafi na biyu ba. Shekara nawa zai yi? Za a sake shi ya tafi karatun ƙwarewa, ko sai ya gama wa'adin? Idan ya fasa, nawa zai mayar? Idan jihar ce ta daina biya a tsakiya, yarjejeniyar tana nan? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, gara tun farko ya san girman kan.

Game da fita waje, shekarun nan sun koya mana darasi mai ɗaci. Yaƙin Yukren a Fabrairun 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun koro ɗaliban likitanci masu yawa gida, da yawansu 'yan Arewa da ke Khartum, wasu saura shekara guda su gama. Faɗuwar naira daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 ta karya iyayen da ke biya da kansu. A 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin tallafin da Najeriya ke yi da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari, bayan ɗaliban da ke can sun daɗe suna kukan rashin biyan alawus. Wanda ya gama a waje kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya. Duk wanda aka yi wa tayin irin wannan tallafi, ya fara tambayar wa zai biya shekara ta huɗu idan gwamnati ta sauya.

Akwai maganar da na fi jin nauyin faɗa wa Baba, amma na faɗa. Samun gurbi ba shi ne zama likita ba. MDCN ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta horar, kuma ana tankaɗe tun daga ƙarshen aji ɗaya, sannan a babbar jarrabawar da ake yi kafin shiga asibiti, ta darussan ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki. Wanda ya faɗi ya maimaita ya sake faɗi, sai a mayar da shi wani sashen. Tallafin da aka ba shi da sunan likitanci yana iya tsayawa nan take, bashi kuwa yana nan yana jiransa. Na ga yara masu kaifin basira sun faɗi, kuma da na bincika, yunwa da tunanin kuɗin ɗaki ne suka cinye watannin da ya kamata su yi karatu. Saboda haka gidan da ya sayar da gona ɗaya tilo don shekarar farko, ba tare da sanin inda ta biyu za ta fito ba, ya ɗora wa yaron nauyin da zai iya kayar da shi.

Daga ƙarshe kuɗin rajistar 'yar Baba ya haɗu ne ta hanyar da muka saba. Ya karɓi adashinsa kafin lokaci, ƙanin matarsa ya sayar da tumaki biyu, mu malaman sashe muka yi karo-karo muka cike sauran, saura kwana biyu a rufe. Lamuninta ya fito a zango na biyu, kuɗin wata-wata ya fara shiga. Ta cike takardar tallafin jiharsu, an kira su tantancewa sau ɗaya, har yanzu ba a fitar da sunaye ba. Kuɗin da ta biya da farko ma tana jiran a mayar mata, Baba ya ce in sun dawo, mai tumaki za a fara sallama. Makon jiya ya tare ni a bakin ƙofa ya ce sakamakon aji ɗaya ya fito, ta haye zuwa aji biyu, kuma ta aiko a tambaye ni nawa ake sayar da farar riga a nan, don a can ta yi tsada.