Me Ya Hana Mota Mai Buɗaɗɗen Sama Samun Gindin Zama a Daura?

Duk wanda ya lura da ayarin manyan baƙi masu shiga Daura, tun daga 2015 da Muhammadu Buhari ya hau mulki har zuwa jana'izarsa a Yulin 2025, zai shaida cewa jif-jif masu baƙin gilashi, Land Cruiser da Lexus, su suka cika hanya. Motar alfarma mai buɗaɗɗen sama, wadda ake zuge rufinta a naɗe shi a baya, ba kasafai ake ganinta ba, alhali masu halin sayenta suna da yawa a cikin ayarin. Ke nan matsalar ta wuce kuɗi. An ƙera motar ne don wata ƙasa daban, kuma aikin da take yi a can, doki ya daɗe yana yinsa a nan.

A dubi ƙirarta. Rolls-Royce Dawn, wadda aka fito da ita a 2015 aka daina ƙerawa a 2023, tana da injin V12 mai lita 6.6, da rufin yadi mai ninki shida wanda yake naɗe kansa cikin daƙiƙa 22 ko da mota na tafiya a hankali. Tun 2004 Mercedes ya sanya wa irin waɗannan motoci Airscarf, na'urar da ke hura iska mai ɗumi a ƙeyar direba daga jikin kujera. Irin wannan fasaha an yi ta ne don yanayin Turai mai sanyi, inda fitowar rana abin murna ne. A Daura kuwa, zafin bazara kan haura digiri 40, kujerar fata da ta sha rana ba ta zaunuwa, sanyin na'ura kuma yana bin iska da zarar an buɗe sama. Idan hunturu ya kama, ƙura ta shige gaɓoɓin rufin da bututun man da ke ɗaga shi, ta cinye robar da ke tare ruwa. Cire rufi yana raunana gangar mota, shi ya sa ake ƙara mata ƙarfe a ƙasa, ta yi nauyi, ga ta dab da ƙasa. Da an sauka daga kwalta an shiga rairayin ƙauyukan Baure ko Zango, tafiya ta ƙare.

Sai tsaro. A buɗaɗɗiyar mota aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka a 1963, kuma harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero a Janairun 2013 ya ƙara tura manyan Arewa cikin motoci masu sulke. Ban da tsaro, janye tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023 sun tsawwala kuɗin mai da kayan gyara. Wani zai ce ai Dubai ta fi Daura zafi, kuma irin waɗannan motoci sun cika titunanta. Gaskiya ne, amma can akwai titi sumul, da garejin kamfanin da ya ƙera motar, kuma su ma sai lokacin sanyi ko da daddare suke buɗe rufin. Mai irinta a Daura, rufi na maƙalewa sai ya nemi makanike a Abuja ko Legas.

Babban dalilin dai na al'ada ne. Amfanin buɗaɗɗiyar mota shi ne a ga wanda ke ciki. A Hawan Sallah da Hawan Magajiya da Sallar Gani, Sarkin Daura yana fitowa bisa doki ƙarƙashin laima, dogarai na gefe, kakaki na tashi, talaka na jinjina ana amsa masa. Wannan hawa ne ke ciyar da masu sirdi, dukawa, maƙeran linzami da masu ɗinkin alkyabba, kuɗin da mota za ta kwashe zuwa Ingila ko Jamus.

Saboda haka rashin wannan mota bai rage wa Daura komai ba. Abin damuwa shi ne wadda ta cike gurbin. Baƙin gilashi da jiniya sun sa shugaba yana ratsa kasuwa bai ji ƙorafin kowa ba, sai lokacin yaƙin neman zaɓe ya leƙo ta tagar saman jif yana ɗaga hannu. Tsaro hujja ce mai ƙarfi, amma bai raba sarki da al'adar fitowa fili a lokacin Sallah ba. Ya kamata zaɓaɓɓun shugabanni su koyi wannan daga fada: su sauko, a gan su, su kuma saurari jama'ar da suka zaɓe su.