Gidan Zoo na Kano: Fitar da ba sai an jira Sallah ba

A gidaje da yawa a Kano, ba a tuna gidan zoo sai ranar yawon Sallah. Ranar ce ake cincirindo a bakin ƙofa, layin tikiti ya miƙe har titi, ƙananan yara kuma su koma gida ba su ga komai ba sai bayan manya.

Amma akwai wata fitar da ta fi wannan armashi, wato wadda ba a shirya mata ba. Misali ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, babu boko babu Islamiyya, yara sun ishi kowa da rigima, sai maigida ya ce a saka takalma. A tare Adaidaita Sahu, a nufi Zoo Road.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne gidan yana tsakiyar gari. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Audu Bako, gwamnan Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa gidan yake amsawa. A lokacin wajen gari ne. Yanzu unguwanni da shaguna sun kewaye shi.

Gani ya kori ji

Yaron birni ya san kura tun kafin ya iya ƙirga goma. Ya ji yadda Gizo ke yi mata wayo a tatsuniya, ya ga zaki a wayar babansa. Sai dai waya ba ta nuna girma, ba ta kawo wari.

A gaban keji ne yaro zai lura cewa ƙafafun kura na gaba sun fi na baya tsawo. A nan zai ɗaga kai ya kalli jimina, tsuntsun da ya fi kowanne girma a duniya, mai yatsu biyu kacal a kowace ƙafa, wanda ba ya tashi amma yana iya gudun kusan kilomita 70 a awa ɗaya.

Zaki kuwa yakan ba yara haushi, domin galibi a kwance za a same shi. Ba lalle ne rashin lafiya ba ce. Dabba ce da ke shafe mafi yawan yini tana hutawa, sai sanyin yamma take motsi. Kuma ga yawancin yaran nan, wannan ce kaɗai damar ganinsa, tunda zakunan da suka rage a dazukan Najeriya 'yan kaɗan ne, a Yankari da Kainji.

Tambayoyi sukan zo bayan an dawo gida: “Baba, me ya sa kada ke buɗe baki bai ci komai ba?” Amsar ita ce zafi yake fitarwa daga jikinsa.

Rashin shiri ba sakaci ba ne

Ko fitar gaggawa ce, a ɗauki ruwan sha da ɗan abin taɓawa, a riƙe kuɗi a hannu saboda tikiti. Gidan yana da faɗi, mai shekara uku zai gaji tun ba a je ko'ina ba, don haka zanin goyo yana da rana.

Kada a ce sai an zagaye ko'ina. Idan yaro ya kafe a wajen birai, a ƙyale shi. Keji huɗu da ya kalla a natse sun fi ashirin da aka ja shi ya wuce.

Babban abin kiyayewa shi ne hannu. Kada yaro ya zura shi a keji, ko ya miƙa wa biri biskit, domin biri na cizo, abincinmu kuma na cutar da dabbobi. A watan Oktoban 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a wannan gida, aka rufe wurin har sai da aka mayar da shi. Naman dawa dai naman dawa ne ko yana cikin ƙarfe.

Idan gidan ya bar gari fa?

A 2020 gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya bayyana shirin mayar da gidan zuwa Tiga, yana cewa hayaniyar gari na damun dabbobin. Jama'a da dama sun nuna rashin amincewa, kuma gidan bai tashi ba.

Hujjar walwalar dabbobi abar dubawa ce. Sai dai Tiga tafiyar kusan kilomita 70 ce daga Kano. Mai mota zai iya zuwa. Amma magidancin da ke lissafin kuɗin Adaidaita na mutum biyar, fitar za ta koma masa bulaguro, sai an yi tanadi, sai an sa rana. Ƙarshenta 'ya'yansa za su fi kowa asara.

Tunda gidan yana kusa, babu dalilin jiran Sallah. Ranar da yara suka samu sarari, aljihu kuma ya yarda, a kama hannunsu a tafi.