Yajin Kilomita Biyar ba kwaikwayo ba ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu na unguwar Kilomita Biyar a Bangui, har an daina tambayar dalilinta. Ana cewa yaji na gaske sai na gida. Gida kuwa ana nufin Kano ko Katsina ko Maraɗi ko Damagaram, ko da mai maganar a Bangui aka yanke masa cibiya, shi da mahaifinsa. Idan wata Hajiya ta dawo daga ganin dangi da ƙullin yaji a jaka, sai a shiga rabonsa cokali-cokali, kowa yana shinshinawa yana cewa, "Kai, wannan shi ne yaji! Namu na nan ai barkono ne kawai aka daka." Masu faɗin haka iyayenmu ne da yayyenmu, sun fi ni sanin turmi da taɓarya, kuma ba na raina maganarsu. Amma ina ganin akwai gyara a cikinta, domin tana tauye haƙƙin matan da ke daka yaji a unguwar nan.

Da farko dai, wane yajin ake nufi? Ko a cikin birnin Kano yaji ba ɗaya ba ne. Na mai tsire ƙuli-ƙuli ne ya fi yawa a cikinsa, don ya kama jikin nama. Na mai jego kimba da citta da kanumfari da tafarnuwa ne ke gaba. Akwai yajin daddawa na barbaɗawa a ɗanwake ko garau-garau. Gida biyu masu katanga ɗaya ma sukan bambanta, kowace uwargida da awonta da ta gada. In babu ma'auni guda a can, da me za a auna na nan har a ce ya gaza?

Sai kuma batun asali, wanda nan ne maganar ta fi rauni. Ana ɗauka cewa haɗin yajin da muka sani haka yake tun kaka da kakanni. Ba haka ba ne. Barkono, da ɗan uwansa attaruhu da tattasai, duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, inda jiragen Turawan Fotugal suka yaɗa su gaɓar Afirka da Asiya. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, ya hau mulki a 1463 ya rasu a 1499. Ke nan ranar da aka fara cin kasuwar nan babu ƙwayar barkono ko ɗaya a cikinta. Gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli da ita ma daga Kudancin Amurka ta zo, kuma ba ta mamaye gonakin Kano har aka tara dalarta ba sai bayan jirgin ƙasa ya fara jigila a 1912. Kanumfari daga tsibiran Maluku na Indunusiya yake, daga baya aka cika Zanzibar da shi a ƙarni na 19. Citta mai yatsu asalinta Asiya, kuma wadda ake dakawa a Kano yau akasarinta daga Kachia da Kafanchan ake kawo ta, a kudancin Kaduna. Iyayenmu sun karɓi waɗannan baƙin kaya ɗaya bayan ɗaya, suka gwada, suka rage nan suka ƙara can, har abin ya zama namu. Ba wanda ya ce musu sun ɓata yaji.

To me ake yaji da shi kafin barkono? Masoro, da kimba, da citta mai 'ya'ya. Ga inda nake so Hajiyoyinmu su ɗan saurara: dukkan ukun nan tsiron kurmi ne. Suna son ruwa da inuwa da danshi, ba sa yi a ƙasar gero da dawa. Fatake ne suke ɗauko su daga kudu su kai Kano da Katsina, kamar yadda suke ɗauko goro daga Gwanja. Mu kuwa a bakin kurmin muke zaune. Dajin Lobaye, wajen Mbaiki, kilomita ɗari da 'yan kai ne daga Bangui, kuma masoro yana hawa itatuwansa ba tare da an shuka shi ba. Tsofaffin kayan yaji, waɗanda suka riga barkono shiga turmin Bahaushiya, sun fi kusa da matar da ke Kilomita Biyar fiye da matar da ke Fagge a Kano.

Duk da haka, hancin iyayenmu bai yi ƙarya ba. Akwai bambanci, kuma dalilinsa iska ce. A ƙasar Hausa damina wata huɗu ce zuwa biyar, sannan hunturu ya zo ya busar da barkono ƙarau, in ka matsa shi ya ruguje. A Bangui ruwa yakan kama tun wajen Afrilu har Nuwamba, ga raɓar kogin Ubangi. Barkonon da bai bushe sosai ba yakan dunƙule a turmi, garin ya yi curi a kwalba, ƙuli-ƙuli ya yi warin tsohon mai, wani lokaci ma ya yi fumfuna, wanda a gyaɗa haɗari ne ga hanta. Ƙaramin barkonon da ake sayarwa a nan, wanda 'yan kasuwa ke kira ndongo da Sango, yana da zafi ƙwarai, don haka wadda ta auna shi da awon da kakarta ke yi a Katsina za ta samu yajin da zafinsa ya danne ƙamshinsa. Wannan duk gaskiya ne. Amma matsala ce ta shanya da awo, kuma tuni mata suka gano maganinta.

A leƙa tsakar gida ranar dakan yaji a gani. Sai an cire wa barkono hanci an shanya shi a faranti, ana kallon sama kada hadari ya taso. In rana ta ƙi, a zuba shi a kasko ba mai, a kan garwashi mai sanyi, ana juyawa har ya fara ƙara. Haka ake yi wa citta bayan an farfasa ta. Kimba a ɗan babbaka ta, a fasa, a zubar da 'ya'yan don ɗaci. Masu tauri su ake fara zubawa a turmi, barkono ya biyo baya, gishiri ya taimaka wajen laushi, mai daka ta ɗaure hanci da gefen mayafi, yara suna atishawa suna gudu zaure. A tankaɗe da rariya, a mayar da tsakin turmi, a sake. Ƙuli-ƙuli shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan ake dakawa, na mako ɗaya ko biyu, a rufe a kwalba mai murfi. Wannan ƙarin aiki ne da mace a Maraɗi ba ta buƙatarsa, kuma ilimi ne da aka samo a nan. Wanda ya tsaya wajen mai tsire a titin Kuduku bayan magariba, ya ga yadda yajin ke narkewa a kan kitse mai zafi ya koma ja mai duhu, ya san hannun da ya daka shi ba na koyo ba ne.

Irin wannan musu ba mu kaɗai muke yi ba. A jihar Texas ta Amurka akwai wani farfesun nama da barkono da majalisar jihar ta ayyana shi abincin jiha a 1977, kuma har gobe suna gardama a kan ko wanda aka sa wa wake na gaske ne. Mutum yakan kare abincinsa ne saboda abin da abincin ke tuna masa. Na san ƙullin yajin nan da ake rabo cokali-cokali yana ɗauke da kewar dangi da zumunci, kuma ba na so a daina aiko shi.

Abin da ke damuna shi ne abin da muke koya wa 'ya'yanmu da wannan magana. Kakanninmu sun biyo hanyar Adamawa da Ngaundere da fatauci suka zauna a ƙasar nan, suna cikin waɗanda suka raya kasuwar da ake kira zuciyar cinikin Bangui. A rikicin 2013 da 2014 an kira Musulmin unguwar nan baƙi, dubbai suka tsere Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka zauna a killace, har Fafaroma Francis ya shigo Babban Masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015. Mutanen da suka sha wannan bai kamata su riƙa faɗa da bakinsu cewa abin da aka yi a nan kwaikwayo ne, na gaske yana wata ƙasa ba. Yarinyar da ta taso tana jin haka za ta raina dakan uwarta.

Yajin bogi kam akwai shi, a Bangui da Kano duka. Shi ne wanda aka cika da garin masara ko na rogo don ya yi auki, aka zuba masa kala don ya yi ja, aka lafta masa dunƙulen magi har ɗanɗanon citta da masoro ya ɓace. Gane shi ba wuya. A ɗebi kaɗan a murza tsakanin yatsu: na kirki yakan bar maiƙon ƙuli da ƙamshin citta, na bogi yakan bar jan launi da gari mai santsi. A ɗora a harshe a jira. In gishiri da zafi kaɗai suka zo, ba kimba ba kanumfari a bayansu, to Hajiya, a mayar wa mai shi kayansa, ko daga ina aka kawo shi.