Tsadar Cajin Motocin Lantarki da Samuwarsa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda ake cajin motocin da ke aiki da wutar lantarki a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, watau nawa ake biya, kuma a ina ake samun wurin cajin. Mun zaɓi wannan ƙasa ne saboda tana cikin manyan masu haƙar man fetur a yankin Tekun Fasha, amma duk da haka ta yi wa maƙwabtanta fintinkau wajen kafa tashoshin caji. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ribar motar lantarki a wannan ƙasa ta rataya ne a kan irin gidan da mai ita yake zaune a ciki, fiye da yadda ta rataya a kan ita kanta motar.

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu fayyace ma'aunan da za mu yi amfani da su. Kuɗin ƙasar shi ne dirhami, kuma filsi 100 ke yin dirhami ɗaya. Wuta kuwa ana sayar da ita ne da yunit, watau wutar da na'ura mai ƙarfin kilowat ɗaya take ci a cikin awa guda.

2.0 Ire-iren Caji

Caji iri biyu ne. Akwai na sannu, wanda ake yi da irin wutar da ke shiga gidaje. Batir ba ya ajiye irin wannan wuta sai an juya ta, don haka wata na'ura da ke cikin motar ce take juya ta, ita kuwa ƙarfinta kaɗan ne, galibi tsakanin kilowat 7 da 22. Saboda haka mota takan yi awoyi da dama kafin ta cika. Akwai kuma na sauri, inda ake juya wutar a cikin tashar, a zuba ta kai tsaye cikin batir da ƙarfin kilowat 50 ko 150 ko ma fiye. Da wannan, cikin kamar rabin awa mota za ta sami mafi yawan abin da take bukata. Sai dai kafa irin wannan tasha yana cin kuɗi ainun, domin tana bukatar manyan wayoyi da taransifoma, shi ya sa farashinta ya ɗara na ɗayan.

3.0 Yadda Farashi Ya Sauya

A shekarar 2015 ne Hukumar Wuta da Ruwa ta Dubai, wadda ake kira DEWA, ta kafa tashoshin caji 100 na farko a birnin. A cikin watan Agusta na wannan shekara kuma gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, aka koma tsayar da farashinsa wata-wata bisa ga kasuwar duniya. A 2017 kamfanin Tesla ya buɗe harkarsa a ƙasar, kuma a wannan shekara DEWA ta mayar da caji kyauta ga masu motocin kansu da suka yi rajista da ita, aka ci gaba da haka har ƙarshen 2021. Bayan nan aka koma biyan filsi 29 a kan kowane yunit, wanda bai wuce kuɗin wutar gida ba.

Wannan rangwame ya yi abin da aka so ya yi. A ƙarshen 2023 motocin lantarki da ke Dubai sun haura 25,000, kafofin caji na DEWA kuma sun haura 700 a 2024. Amma fa kyauta ba ta gina tasha. Babu ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa ya kafa tashar sauri alhali hukuma tana ba da wuta a kan farashin da ba zai mayar masa da uwar kuɗinsa ba. Don haka a 2024 majalisar ministocin tarayya ta tsayar da farashi na bai ɗaya: filsi 70 kowane yunit a cajin sannu, dirhami 1.20 a cajin sauri, ban da harajin kashi 5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan saye da sayarwa. Ke nan cajin sannu ya ninka na da fiye da sau biyu, na sauri kuwa ya ninka sau huɗu.

4.0 Kwatanci da Man Fetur

Bari mu yi ɗan lissafi don mu ga abin da wannan ke nufi ga aljihun direba. Mu ɗauka matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 18 a tafiyar kilomita 100, takwararta ta fetur kuma tana shan lita 8.

Wutar gida a Dubai ana biyanta ne hawa-hawa, daga filsi 23 zuwa 38 a kan yunit gwargwadon yawan abin da gida ya ci, tare da ɗan ƙari na kuɗin makamashi. Wanda ya yi caji a gidansa ke nan zai kashe abin da bai wuce dirhami 5 zuwa 8 ba. Wanda ya je tashar sannu zai biya kimanin dirhami 13. Wanda ya je ta sauri zai biya kusan dirhami 23. Mai motar fetur kuwa, in muka ɗauki dirhami 2.60 a lita, wanda ya yi kusa da farashin da aka yi ta gani a 2025, zai biya kimanin dirhami 21.

A nan za mu ga cewa mai caji a gida yana biyan kamar sulusin abin da mai fetur ke biya, amma wanda ya dogara ga tashar sauri kaɗai bai rage komai ba, ga shi kuma ya sayi motar da yawanci ta fi tsada. Sai in fetur ya yi tashin gwauron zabo, kamar yadda ya yi a watan Yuli na 2022 lokacin da lita ta haura dirhami 4.50, sa'an nan ne kowane irin caji yake zama riba a fili.

5.0 Wa Ke Samun Wurin Caji?

Mafi yawan mazauna ƙasar, kusan kashi 90 cikin 100, baƙi ne da suka zo neman abinci, kuma da yawansu haya suke yi a dogayen benaye. Mai gidan kansa yana iya kafa na'urar caji a garejinsa, motar ta cika yana barci. Ɗan haya kuwa sai ya nemi yardar mai gini, kuma sau da yawa wayoyin tsohon gini ba za su ɗauki nauyin motoci masu yawa a lokaci guda ba. Saboda haka wanda ya fi ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi biya da tsada.

Har wa yau, tashoshin sun fi taruwa ne a Dubai da Abu Dabi, a manyan kantuna da otal-otal da gidajen mai. Don cike wannan giɓi, a 2023 kamfanonin ADNOC Distribution da TAQA suka ba da sanarwar haɗa gwiwa don kafa tashoshi a Abu Dabi, a 2024 kuma Ma'aikatar Makamashi ta tarayya da kamfanin wuta na masarautun arewa suka kafa kamfanin UAEV, wanda aka ɗora wa alhakin shimfiɗa tashoshin sauri a faɗin ƙasar.

Akwai kuma batun zafi. A lokacin bazara zafin rana yakan haura digiri 45. Na'urar sanyaya mota tana jan wuta daga batir, shi kansa batirin yana bukatar sanyayawa, kuma in ya ɗauki zafi motar da kanta take rage saurin cajin don kada ya lalace. Ke nan a watannin nan direba yakan yawaita zuwa tasha, yakan kuma daɗe a can, layi ya ƙara tsawo.

6.0 Kammalawa

Gwamnatin ƙasar ta ɗaukar wa kanta burin cewa rabin motocin da ke kan titunanta su zama na lantarki nan da shekarar 2050. A ganinmu, ƙara yawan tashoshin sauri a bakin manyan hanyoyi yana da amfani ga matafiya, amma ba zai kai ƙasar ga wannan buri shi kaɗai ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a kai cajin sannu inda mota take kwana da inda take yini, watau ƙarƙashin benayen haya da wuraren aiki, a kuma sauƙaƙa wa ɗan haya hanyar samun mita tasa ta kansa a kan farashin wutar gida. Muna fata masu nazarin tattalin arziki da masu tsara birane da ke wannan taro za su faɗaɗa bincike a kan yadda za a raba kuɗin wannan aiki tsakanin mai gini da ɗan haya da hukumar wuta.