Gwagwalada: Yadda ake raba ɗan abin da ya rage tsakanin mazaɓu goma

Tun kafin gari ya waye, motoci kan fara jerin gwano daga Gwagwalada, su bi ta mahaɗar Giri ko ta Zuba, su nufi tsakiyar Abuja. Da yawa daga cikin fasinjojin ma'aikatan tarayya ne da tsadar haya ta sa suka nemi matsuguni a bayan gari. Yininsu yana ƙarewa a ma'aikatu, suna tsara takardun da suka shafi ƙasa baki ɗaya. Amma kwalbatin da ta toshe a layinsu, da bolar da ta taru a bakin kasuwa, da makarantar firamaren da ke bayan gidansu, duk al'amura ne na wata hukuma da ba kasafai suke waiwayarta ba, wato Ƙaramar Hukumar Gwagwalada.

A ranar 24 ga Maris, 2025, malaman firamare na Babban Birnin Tarayya suka shiga yajin aiki, saboda ƙananan hukumomin yankin guda shida ba su aiwatar da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 yadda aka yi alkawari ba. Azuzuwa suka kasance a rufe fiye da wata uku. Sai a watan Yuli aka koma aji, bayan Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya sa baki, aka amince a yi amfani da kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar da ake ware wa ƙananan hukumomin wajen rage bashin malamai. Yajin aikin ya tona abin da mazauna garin suka daɗe ba su lura da shi ba: shawarar da ake yankewa a sakatariyar ƙaramar hukuma tana iya tsayar da karatun yaro na zango guda cur.

Hukumar da ba ta da gwamna

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 768 a jihohi, da wasu shida a Babban Birnin Tarayya, jimilla 774. Shidan su ne Birni da Kewaye, wadda aka fi sani da AMAC, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. An kafa ta Gwagwalada a 1984, shekara bakwai kafin gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum kusan 158,000, amma garin ya bunƙasa ƙwarai tun daga lokacin, musamman da yake nan ne mazaunin Jami'ar Abuja da asibitin koyarwarta.

Bambancinta da takwarorinta na jihohi yana da girma. Babu gwamna a kanta, babu majalisar dokokin jiha. Sashe na 299 ya ɗora ikon yi wa yankin doka a kan Majalisar Tarayya, ikon zartarwa kuma a kan Shugaban Ƙasa, wanda yake gudanar da shi ta hannun minista. Haka nan hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ita ke shirya zaɓen shugabanni da kansilolin yankin, alhali a jihohi hukumomin zaɓe na jiha ne ke yi. Dokar Zaɓe ta 2022 ta mai da wa'adinsu shekara huɗu a maimakon uku.

An kasa Gwagwalada mazaɓu goma: Gwagwalada ta Tsakiya, Kutunku, Kwatas, Ibwa, Dobi, Paiko, Tungan Maje, Zuba, Ikwa da Gwako. Kowace mazaɓa tana aika kansila guda, kuma waɗannan goman su ne majalisar da ke yin dokokin cikin gida, ta amince da kasafin kuɗi, ta kuma bi diddigin yadda aka kashe shi. A ɓangaren zartarwa akwai shugaba da mataimakinsa, waɗanda aka zaɓa tare, sai sakatare da kansilolin naɗi masu kula da sassa. Ƙarƙashinsu akwai ma'aikatan dindindin a sassan mulki, kuɗi, ayyuka, lafiya, ilimi, noma da tsabtar muhalli. 'Yan siyasa su zo su wuce, amma waɗannan ma'aikata ne ke riƙe da fayil, su ne kuma suka san kwangilar da aka biya da wadda aka yi watsi da ita. A gefe guda kuma akwai masarautu, irin su Aguman Gwagwalada da Agoran Zuba, da hakimai da dagatai, waɗanda ba su da ƙuri'a a majalisa amma maganarsu tana da nauyi wajen sasanta rikici da isar da koken ƙauyuka.

Aikin da doka ta ɗora mata

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya jera ayyukan ƙaramar hukuma dalla-dalla. Akwai kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da ban-ɗakunan jama'a da maƙabartu. Akwai gina hanyoyin cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da kwashe shara. Akwai rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da karɓar harajin gidaje, da kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Jadawalin ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da na manya, da bunƙasa noma, da kiwon lafiya.

Sai dai akwai abu guda da ƙananan hukumomin Abuja ba su da iko a kai, shi ne ƙasa. Sashe na 297 ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan filayen yankin, don haka minista ne kaɗai ke iya bayar da fili. A jihohi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma damar bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara; a Gwagwalada babu wannan dama. Sakamakon haka, sababbin unguwanni suna tasowa bisa tsarin da ba a sakatariya aka zana shi ba, amma da ruwa ya yi ambaliya ko hanya ta zaizaye, ƙofar sakatariyar ake fara ƙwanƙwasawa.

Inda kuɗin ke fitowa, da inda yake fara tafiya

Babbar hanyar samun kuɗi ita ce rabon arzikin ƙasa na wata-wata. Ƙananan hukumomi 774 suna raba kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Wajen kasafta rabon asusun tarayya, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa da yanayinta, da ci gaban al'umma, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Tun da ƙidayar 2006 ce ta ƙarshe da aka yi a Najeriya, garin da jama'arsa ke ƙaruwa cikin sauri irin Gwagwalada yana ɗaukar nauyin yau da lissafin jiya.

Tsarin da aka saba bi a Abuja shi ne kuɗin ya bi ta kwamitin asusun haɗin gwiwa, wanda ke zama wata-wata ƙarƙashin hukumar gudanarwar birnin. A teburin kwamitin ake fara cire albashin malaman firamare, da gudummawar fansho, da kashi ɗaya na horar da ma'aikata, sannan a raba ragowar tsakanin ƙananan hukumomin shida. Daga abin da ya iso sakatariya za a biya ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata, da alawus na masu muƙaman siyasa, da kuɗin gudanar da ofisoshi. Abin da ya saura bayan wannan shi ake kira kuɗin ayyuka. Wato kafin shugaba ya buɗe baki ya ambaci aikin da ya fi so, an riga an rubuta masa kaso mafi tsoka na jerin abubuwan da zai biya. Wannan ne ya sa ƙarin albashin da aka sa wa hannu a matakin tarayya a watan Yulin 2024 ya zame wa ƙananan hukumomin ƙarfen ƙafa: su ne masu biya, ba su ne masu yanke adadin ba.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim, wanda ya karanta babban hukuncin, ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa Kundin Tsarin Mulki. Hukuncin ya warware batun hannun da kuɗi zai shiga. Bai rage adadin malaman da za a biya ba, bai kuma faɗa wa shugaba ko Dobi ko Zuba ce za ta fara samun aiki ba.

Yadda ake zaɓar abin da za a fara

A kan takarda, hanyar a bayyane take. Sassa su miƙa buƙatunsu, ofishin kasafi ya tattara, shugaba ya gabatar wa majalisa, kansiloli su tattauna su amince, daga baya mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomin yankin ya duba littattafai. A aikace kuwa, buƙatun mazaɓun sun sha bamban. Manomin Dobi ko Ibwa yana neman hanyar fitar da doya da rijiyar burtsatse da asibitin sha-ka-tafi. Ɗan kasuwar Zuba yana neman a kwashe shara a gyara tasha. Mazaunin Kutunku ko Kwatas yana neman magudanar ruwa da taransifoma. Kuɗin ba zai ishi kowa ba, kuma kowane kansila yana son abin da zai nuna wa mutanensa kafin zaɓe, shi ya sa ake yawan yayyafa ƙananan ayyuka a mazaɓu goma a maimakon babban aiki guda da zai ci kasafin shekara. Manyan ayyuka, irin su titunan kwalta masu tsawo, galibi sai an jira hukumar gudanarwar Abuja da sashenta na raya garuruwan kewaye, ko ayyukan mazaɓu na 'yan Majalisar Tarayya.

A irin wannan rabo, wanda ya zo wurin shi ake ji. Ƙauyukan 'yan asalin yankin, irin su Gbagyi da Bassa, suna da dagatai da ƙungiyoyin ci gaba da ke kai kuka da murya ɗaya, kuma suna fitowa ranar zaɓe. 'Yan kasuwa da direbobi suna da shugabanni da ke zama da jami'an haraji. Ma'aikacin tarayya kuwa sau da yawa katin zaɓensa yana ɗauke da mazaɓar garinsu, ya fita da asuba ya dawo da dare, bai san sunan kansilansa ba. Yana biyan kuɗin shara da harajin gida, kai tsaye ko ta cikin haya, amma ba ya cikin lissafin mai neman ƙuri'a. An sha kokawa da ƙarancin fitowar masu zaɓe a zaɓukan ƙananan hukumomin Abuja, har da na ranar 12 ga Fabrairu, 2022, kuma inda masu zaɓe suka yi kaɗan, ƙuri'un unguwa guda suna iya sauya sakamakon kujerar kansila.

INEC tana ba mai rajista damar mai da katinsa zuwa inda yake zaune a duk lokacin da aka buɗe sabunta rajista. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ma'aikacin da ya iya karanta kasafin ma'aikatar tarayya ba zai sha wahalar karanta na ƙaramar hukumarsa ba, kuma a cikin shafukansa ne zai ga ko an sa kwalbatin layinsu a bana, ko sai baɗi.