Hukuncin Kwaɗo da Halin da Bududdugi Yake Ciki

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, karatunmu na yau a kan bududdugi ne, wato babban kwaɗon nan na tabki wanda kukansa ke cika dare idan damina ta sauka.

Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Abdurrahman ɗan Usman cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da sanya kwaɗo cikin magani, sai ya hana kashe shi. Da wannan Shafi'awa da Hambalawa suka haramta cinsa. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun lissafa shi cikin dabbobin ruwa, suka halatta. Saɓanin sananne ne, kada wani ya zagi wani a kansa. Amma ku lura da kyau: wanda ya halatta, ci ya halatta, babu malamin da ya ba da izinin ƙarar da iri. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi al'ummomi ne kamar mu.

To, yaya ake ƙarar da shi? Ana bin tabki da dare da fitila, a kwashe babba da ƙarami, a ƙyafe, a cika buhuna a kai kasuwannin kudu. Mafi muni shi ne kamun farkon damina, lokacin da suke taruwa domin zuba ƙwai. Wanda ya kama uwa a ranar, zuriya guda ya kashe.

Sai kuma gubar feshi. Kwaɗo yana shan ruwa ta fatarsa, har numfashi yana yi da ita, shi ya sa guba take saurin kama shi. Manomin da ya gama fesa wakensa ya wanke tankin a bakin ruwa, ko a Madarunfa yake ko Gidimuni ko Tabalak, ya san cewa ruwan nan shi shanu da yara za su shiga gobe. Ga shi kuwa abincin wannan bawan Allah ƙwari ne, irin waɗanda ake sayen maganin dominsu!

Saboda haka masu kamu su dakata har ƙwai su ƙyanƙyashe, ƙanana su yi ƙafa su fita tudu. Masu feshi su haƙa rami nesa da tabki da rijiya, su zuba ruwan wankin a can, su rufe. Iyaye kuma ku hana yara jifan kwaɗi don wasa, wannan kam babu mazhabar da ta yarda da shi. Wallahu a'alamu.